Rif na igiya, naɗi cikin jigo ko naɗi cikin bum: wanne zaka saka wa jirginka?

Duk wanda ya sayi jirgin ruwa mai tafiya da iska na hannu, irin masu tsawon ƙafa 32 zuwa 42 ɗin nan da suka cika marina, wato matsayar ƙananan jirage, a Sifen da Girka da Turkiyya, ba ya daɗewa maganar mensel take taso masa, wato babban kyallen nan da yake bayan jigo, doguwar sandar da take tsaye a kan jirgin. Ko dai ɗaga shi yana cire masa rai, ko kuma rage shi in iska ta tashi, abin da ake kira rif, ya zama abin fargaba, matarsa ko abokin tafiyarsa na riƙe da sitiyari shi kuma yana can gindin jigo yana kokawa da kyalle jirgi na ta tangaɗi. Daga nan sai shawara ta fara zuwa kala kala, wannan yace canza jigon gaba ɗaya ka saka mai naɗewa ciki, wancan yace a'a bum mai naɗi shine na zamani, bum kuwa shine sandar da take kwance a ƙasan kyallen, wani kuma yace winci, wato na'urar jan igiya, mai lantarki kawai zaka saya shikenan ka huta. Kowa da gaskiyarsa amma kuɗin ba ɗaya bane, kuma matsalar da kowanne yake warwarewa ma ba ɗaya bace.

Abin da yasa maganar rif take da nauyi shine ƙarfin iska a kan kyalle ba ya tafiya daidai da gudunta, ninkawa yake. Iskar da take gudun not 15, wato mil 15 na teku a awa, in ta koma 21 nauyin da ke kan kyallenka ya kusa ninki biyu, in ta kai 30 ya zama ninki huɗu. Kuma ba ta sallama. Tsakanin tsibiran Kanari akwai wuraren da iska take matsewa tsakanin duwatsu, kana tafiyarka lafiya lau sai kawai ka hango ruwa yayi fari a gabanka, minti kaɗan ka shige ta. Wanda yake Legas ya san hadarin farkon damina da na ƙarshenta yadda yake tasowa daga gabas da guguwa a gabansa. Masu tsallaka Atlantika kuwa, irin ayarin ARC da yake tashi daga Las Palmas duk watan Nuwamba tun 1986, tafiyar mil 2,700 ko kusa da haka zuwa tsibiran Karebiyan, su nasu hadarin da dare yake zuwa kuma daga baya. Toh ni ma'aunina uku ne kawai ga kowane tsari, wanda ya fi kowa rashin ƙarfi a jirgin zai iya rage kyallen shi kaɗai? zai iya ba tare da an juya goshin jirgi cikin iska gaba ɗaya ba? sannan ranar da abin ya cije, don wallahi kowanne yana cijewa, me zaka iya yi da hannunka da wuƙa da sukundireba?

Kafin ma a zo kan tsarin rif akwai abin da mutane suke tsallakewa, gogayya. Yawancin jiragen da ake cewa kyallensu yayi nauyi ba nauyi bane, cijewa ce. Mensel na jirgi mai ƙafa 38 bai fi ƙarfin mutum ɗaya lafiyayye ya ja shi da hannu har kusa da ƙoli ba. Ka gwada da safe a marina lokacin da babu iska, ka tsaya a gindin jigo ka ja haliyad, wato igiyar ɗagawa, da hannu zalla, sannan ka koma kokfit, wato mazaunin matuƙi a bayan jirgi, ka ja ta daga can, bambancin da zaka ji shine abin da fuli fuli, wato 'yan tayoyin da igiya take bi a kan dek, saman jirgin, suke cinyewa. Sai ka sake ta gaba ɗaya ka gani, kyallen ya faɗo da kansa ko sai ka je ka jawo shi? In sai ka jawo shi babu iska ma, toh ranar da iska take danna shi jikin jigo ba zai sauko ba ko zaka mutu, kuma rif ai saukowa ne.

A bakin gaban kyalle zaɓi ya kai biyar amma ba duka ne abin dogon bayani ba. Akwai mai igiya ɗinke a baki wadda take shiga cikin tsagin jigo kai tsaye, masu tsere suna sonta don iska ba ta ɓullewa ta tsakani, sai dai duk saukewa kyallen fita yake daga jigon ya baje a dek, mutum biyu a teku ka manta da ita. Akwai 'yan silaid na roba da ake ɗaurewa a bakin kyalle suna zamewa cikin tsagin, su ne a yawancin jirage, araha ne kuma in kyallen mai gajerun batin ne, wato sandunan da ake zurawa cikin kyalle don ya miƙe, suna aiki lafiya matuƙar kana wanke tsagin da ruwan daɗi da ɗan sabulu kana fesa man nan busasshe irin Sailkote. Kada ka kuskura ka saka giris ko baƙin mai, ƙura zasu tara su zama kwaɓa.

Rigimar tana farawa ne in kyallenka mai dogayen batin ne, waɗanda suke tafiya tun daga baya har jikin jigo. Su waɗannan sandunan turo kansu suke gaba, suna danna silaid ɗin cikin tsagi suna kuma murɗa shi gefe, roba ba ta jure wannan. Anan ne zaka zaɓa tsakanin layi mai santsi da layi mai boris.

Layin Tides Marine na Amurka roba ce mai tauri da santsi, guda ɗaya doguwa, ana auna tsagin jigonka a yanko maka daidai, ka zura ta daga ƙasa zuwa sama jigon yana tsaye, ba hawa ba huda ramuka da yawa, silaid ɗinta na ƙarfe ne kuma babu wani abu mai juyawa da zai lalace. Rana tana cin robar a hankali, bayan shekaru zaka ga ta fara tsattsagewa sai a canza. Antal na Italiya ma suna da nasu mai zamewa ba boris, layin alminiyom ne da ake ɗaurewa a jigo. Sai masu boris, wato 'yan kekuna masu gudu a kan layi, irin Battcar na Harken da na Ronstan, gaskiya a santsi babu kamar su, kyalle faɗowa yake kamar an jefo shi har sai ka riƙa tare haliyad a winci, kuma su ne suke baka damar rage kyalle iska na bayanka. Amma tsada, nauyi a saman jigo, aikin ɗaurawa da kusoshi masu yawa kowanne sai an shafa masa Tef-Gel ko Duralac don ƙarfen sitenles da alminiyom ba sa zaman lafiya a ruwan gishiri, sannan ƙura. Ƙurar Sahara da muke kira hazo lokacin hunturu ita ce dai take sauka a Kanari da Kef Bade, a Kanari suna ce mata kalima, in ta haɗu da gishiri a cikin boris sai kaji kekunan suna gurnani, dole wanki akai akai. In zaka saya ka tabbatar masu riƙe ƙwallayensu ne, tsofaffin samfurin in ka zare keke daga layi ƙwallayen watsewa suke a dek su gangara ruwa. Wanda jigonsa na Seldén ne sabon yayi ya duba kekunansu na MDS tukunna, tayoyin a cikin tsagin jigon suke gudu ba sai an ƙara layi ba.

Abu ɗaya da ba a faɗa maka a shago, kekunan nan in kyalle ya sauka taruwa suke kan juna, tsayin tarin zai iya kaiwa inda hannunka ba ya isa kan kyallen don ɗaura haliyad ko rufe jaka, sai ka ƙara matakala a jigo. Ka auna kafin ka biya. A jirgi ƙasa da ƙafa 42 ni layi mai santsi nake zaɓa, boris sai daga nan zuwa sama ko katamaran, wato jirgi mai gangar jiki biyu, da kyallensa yake da faffaɗan kai.

Haliyad kuma magana biyu ce, foliyesta ko Dyneema, wani zare mai ƙarfi da ba ya miƙewa sosai. Foliyesta tana miƙewa, ka ɗaure rif tsaf iska ta ƙaru sai kaga bakin gaba ya saki ya yi ciki, ciki kuwa ƙarin ƙarfi ne a daidai lokacin da kake neman ragewa. Mai zuciyar Dyneema da rigar foliyesta ba ta wannan, kuma don haliyad ɗin mensel kuɗinta halal ne. Kuskuren da ake yi shine a ce tunda ta fi ƙarfi bari a sayi siririya, a sauko daga milimita 12 zuwa 8, sai kuloci, wato abin da yake maƙale igiya a dek, ya kasa riƙe ta tana zamewa ko ya yage rigar, hannu ma yana jin jiki. Ka duba lambar da ke jikin kulocinka, Spinlock ne ko Lewmar duk suna rubuta kaurin igiyar da suke kamawa. In har yanzu jirginka yana da tsohuwar haliyad ta waya cire ta kawai, amma ka canza fulin ƙolin jigo don wayar ta riga ta ci shi ta bar kaifi. Ka kuma sayi igiyar da rarar mita ɗaya ko biyu, don wurin da take kwanciya kan fulin sama nan take cinyewa, lokaci lokaci ka yanke ɗan taƙi ka sake ɗaurewa.

Wasu suna mayar da haliyad ninki biyu, igiyar ta tashi daga ƙoli ta sauko kan kyalle ta bi fuli ta koma. Nauyin ja ya ragu kusan rabi, kuloci ya huta, amma igiyar da zaka ja ta ninka, jigon da bakin kyallensa mita 14 ne zaka tara mita 28 a ƙafarka, kuma tana son murɗewa. A katamaran dole ne kusan, a ƙaramin jirgi ban ga amfaninta ba. Winci kuwa lambar jikinsa ƙarfinsa ne, 40 na nufin ninki 40 a giyar ƙasa, kuma mai riƙe igiya da kansa ya fi komai amfani ga mai aiki shi kaɗai. Na lantarki yana da daɗi ba ƙarya, sai dai ba ya ji, in batin ya maƙale a wata igiya hannunka zai gaya maka amma injin wincin zai ci gaba da ja har kyalle ya yage ko wani abu ya tsinke, yatsu ma an rasa ta haka. Saka lantarki a kan tsarin da yake cijewa ɓoye ciwo ne kawai. In kafaɗa ce matsalar akwai hannun winci mai batir irin Ewincher ko WinchRite, ya fi araha nesa kuma zaka ɗauke shi daga wannan winci zuwa wancan.

Toh yanzu rif ɗin kansa. Na gargajiya shine na igiya, kyallen yana da zobba a jere, layi biyu ko uku, ka sassauta igiyar jan bum da bang mai danne shi, ka tabbatar wani abu yana riƙe da wutsiyar bum, ka sauke haliyad zuwa alama, ka kama zoben gaba, ka sake ɗaure haliyad tamau, sannan ka ja igiyar zoben baya har ya zauna kan bum. Wanda ya saba minti biyu zuwa uku ya gama. Kyawunsa komai a fili yake, igiya ta tsinke ka zura wata, fuli ya fashe ka ɗaure zoben da guntun igiya a jikin bum ka ci gaba da tafiya, kuma siffar kyallen bayan rif ita ce mafi kyau a duk tsarukan, a shimfiɗe ba ciki. Wannan ne yasa har gobe masu tseren zagaya duniya su kaɗai da shi suke aiki.

Amma shi ma gida uku ne, kuma anan mutane suka fi ruɗewa. Na farko komai a gindin jigo, haliyad da winci da ƙahon da ake rataya zobe da igiyoyin baya duk wuri ɗaya. Gogayya kaɗan ce ƙwarai, aiki yana sauri, kana ganin abin da kake yi. Kuɗinsa shine sai ka fita daga kokfit, da dare, dek a jiƙe, don haka sai da igiyar ɗaure jiki da wurin jingina mai kyau a gindin jigon. Na biyu komai a kokfit da igiya biyu ga kowane rif, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Ba ka fita ko'ina, kowace igiya kana iya daidaita ta daban, amma lissafa, rif uku igiya shida ga haliyad ga bang, kuloci takwas kenan da fuli fuli a gindin jigo da masu karkata igiya a dek, kowanne yana cin nasa, kokfit kuma ya cika da igiya. Na uku igiya ɗaya tal take jawo gaba da baya tare. A takarda shine mafi daɗi. A ruwa kuwa tsawon igiyar ne abin tsoro, zoben da yake mita 4 sama da bum igiya zata hau ta sauko a baya ta hau ta sauko a gaba, kusan mita 16 zaka ja, kuma lokacin sakin rif duk wannan igiyar sai ta koma ta cikin kowane lungu, kana ɗaga kyalle kana jan ta. Bum ɗin Seldén mai kekuna a ciki ya rage wannan wahalar sosai kuma yana aiki, sai dai rif biyu kawai yake ɗauka don tsawon bum ɗin ne iyakar tafiyar keken, na uku dole a yi masa nasa daban, kuma in igiyar ciki ta tsinke sai an kwance bakin bum. Wanda aka haɗa a gida da fuli masu araha kuwa, ba na ba kowa shawararsa sama da ƙafa 32.

Mafi muni a duka shine rabi da rabi, kuma abin haushi haka jirage da yawa suke fitowa, haliyad a kokfit ƙaho a jigo. Kaga mutum ɗaya sai ya sauke a baya, ya ruga gaba ya rataya zobe, kafin ya dawo ya ja zoben ya zame ya faɗi, ya sake komawa. Ko duka can ko duka nan. In kana da wannan matsalar maganinta mai sauƙi ne, ƙara igiyar gaba zuwa kokfit, ko ka mayar da haliyad jigo.

Rif na uku kuma kada a yi wasa da shi in za a yi nisa da gaɓa. Dokokin tsaro na World Sailing na tseren teku suna neman ko ƙaramin kyallen guguwa na daban ko rif mai rage bakin gaba da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari gwargwadon ajin tseren, kai da ba tsere kake ba ma ma'auni ne mai kyau da zaka kai wa mai ɗinka maka kyalle. Kuma igiyarsa ta kasance a zure tun daga marina, ba wai sai iska ta kai 35 ka hau kan rufi kana neman zobe ba.

Sai naɗi cikin jigo. Tun shekarun 1970 da kamfanin Hood ya fito da Stoway abin yake yaɗuwa, yau in ka je hayar jirgi a Kuroshiya ko Girka da yawansu shi zaka tarar, manyan masu ƙera jiragen tafiya mai nisa irin Amel da Hallberg-Rassy ma suna sakawa, don haka masu cewa kayan wasa ne basu yi adalci ba. Sanda ce a tsaye cikin jigo kyallen yana naɗewa a jikinta, igiya ɗaya ta fito da shi ɗaya ta mayar. Babu ɗagawa kwata kwata, babu rufe jaka, babu lamba ɗaya biyu uku, iya yadda kake so zaka rage. Kuma akwai wata fa'ida da ba a cika faɗa ba, tunda abin ba wahala mutane suna ragewa da wuri, suna kuma fito da kyallen ko tafiyar rabin awa ce, mai rif na igiya kuwa sau da yawa ƙyuya take sa shi kunna inji. Ga dattijo da matarsa wannan ba ƙaramin abu bane.

Abin da kake biya, na ɗaya kyallen ba shi da tozon baya, wato lanƙwasar da bakin bayan yake yi waje, don babu batin na kwance, bakin bayan ma a rame yake, fili ya ragu kuma a iska mara ƙarfi zaka ji jirgin ya mutu. Batin na tsaye suna dawo da wani abu amma suna ƙara abin da zai maƙale a bakin tsagi. Na biyu nauyi, jigon ya fi kauri, kuma kyallen ko an naɗe shi nauyinsa yana can sama, jirgi ya fi rawa. Na uku shine babba, cijewa. Kamar naɗin tabarma ne, in ta fara a karkace ko a sake haka zata ƙare da ƙullutu, sai dai ita wannan a cikin bututu take. Kyalle in ya tsufa ya yi ciki sai ya riƙa ninkewa yana shiga, ranar fitowa ninkin ya toshe tsagin, rabi a ciki rabi a waje, ba ya shiga ba ya fita kuma ba ya saukowa, don ba zaka iya sauke kyallen da yake naɗe ba. A marina wannan ɓacin rai ne na awa biyu, a teku da iska 30 wani sai ya hau jigo ko a yanka. Gaskiyar magana yawancin cijewar laifin hannu ne da tsufan kyalle, in kana barin ɗan tauri a igiyar waje lokacin naɗewa, bum yana kusurwar da ta dace, iska tana gefen da ya dace da juyin sandarka, kuma ka canza kyalle da zarar ya saki jiki, zaka yi shekaru lafiya. Amma lura, kyallen da mai rif na igiya zai ƙara shekara uku da shi kai dole ka yar.

Don haka in jirgin da kake so ya zo da shi, kuma yawonka na gaɓa ne, karɓi abinka ka ware kuɗin sabon kyalle. Amma ka cire lafiyayyen jigo ka sayi mai naɗi, ko ka ɗaura irin wanda ake liƙawa a bayan jigo, wannan ban ga ranarsa ba, kuɗin ya isa ya gyara duk sauran abin da na lissafa har da canji.

Naɗi cikin bum shi yazo ne ya gyara aibin wancan, irin su Leisure Furl da Schaefer da Furlerboom. Kada a haɗa shi da tsohon yayin shekarun 1960 da bum ɗin gaba ɗaya yake juyawa kyalle ya naɗe a bayansa ya zama buhu. Wannan sandar a cikin bum take, kyallen yana da dogayen batin da tozonsa cikakke, nauyi yana ƙasa, kuma in ya cije ka saki haliyad ka sauke kyallen a dek kamar kowane. Wannan kaɗai ya sa na fi natsuwa da shi akan na jigo. Sai dai yana da tsiya wajen kusurwa, bum sai ya tsaya daidai inda aka ce, wajen digiri 87 da jigo a yawancinsu, in ya ɗaga ko ya sauka kaɗan kyallen sai ya riƙa tafiya gaba yana cushewa ko ya gudu baya yana jan bakin, shi yasa dole bang mai tauri da alama a jikinsa. Dole kuma ka riƙe haliyad da ɗan tauri kana naɗewa, hannu biyu aiki biyu. Har yanzu sai ka ɗaga kyallen duk fita, kuma tunda bakinsa tef ne a cikin tsagi ɗagawar tana da nauyi, kusan kowa yana ƙarewa da winci mai lantarki, tef ɗin kuma yana cinyewa. Bum ɗin kansa ƙato ne mai nauyi, in ya waiwayo ba shiri abin ba kyau, igiyar tare bum ta zama wajibi. A tsada shine kan gaba, bum da bang da sabon kyalle da aka yanka dominsa da winci. Jirgi mai ƙafa 45 zuwa sama mai shi yana da hali, eh. Ƙasa da haka kashe kuɗi ne.

Wanda ya tsaya kan rif na igiya yana buƙatar abin tare kyalle in ya sauko. Lezijak, wato igiyoyin da suke saukowa daga jigo zuwa bum ta gefe biyu, da jaka mai zif a kan bum shine abin da kusan kowa yake yi, aibinsa wutsiyar batin tana maƙalewa lokacin ɗagawa, maganin kuma ka ja igiyoyin gaba zuwa jigo kafin ka ɗaga ko ka buɗa su daga hannayen jigo, 'yan sandunan nan da suke tokare wayoyi a gefensa. Tsarin da ake kira Dutchman yana ninke kyalle tsaf amma sai an huda kyallen an zura zaren roba, ni ban damu da shi ba.

In mutum biyu ne a jirgi mai ƙafa 32 zuwa 42 kuma akwai niyyar tafiya mai nisa, ko kuma jirgin zai zauna inda kayan gyara sai an yi odarsu daga Turai a jira kwastan, kamar Legas ko Tema ko Bur Sudan, zaɓina rif na igiya ne mai layi uku, na ɗaya da na biyu a kokfit da igiya bibbiyu, layi mai santsi a jigo, haliyad Dyneema, jaka da lezijak. Kuma a bi kuɗin daki daki, wanke tsagi da canza fulin ƙoli da na gindin jigo tukunna don wani lokacin nan kaɗai matsalar take ƙarewa, sai haliyad, sai layi, winci mai lantarki a ƙarshe in har yanzu ana buƙata. Igiyoyin rif su ma a rage musu kauri in kuloci ya yarda, mai milimita 10 tana gudu cikin zobe fiye da mai 12, kuma a ɗinka ƙananan fuli ko zobba masu santsi a bakin baya maimakon igiya ta riƙa goga ƙarfen zoben.

In jigonka mai hannaye ne da suka karkata baya, kamar yawancin jiragen Beneteau da Jeanneau da Bavaria na yanzu, ka sani iska na baya kyallen kwanciya yake a kansu da kan wayoyi, ko wane layi ka saka sai ka jawo bum ciki kaɗan ka riƙa sauke haliyad taƙi taƙi kana jan igiyar baya tana biye, anan igiyar gaba ta daban take nuna amfaninta don da ita zaka jawo kyallen ƙasa da winci. Ka sa mai ɗinki ya liƙa faci a duk inda hannun jigo yake taɓa kyalle, a cike da kuma a kowane rif, wuri uku ko huɗu kenan ga kowane hannu. Sannan ranar da babu iska ka ɗaura kowane rif a marina ka yi wa haliyad alama a bakin kuloci, da zare mai kala ka ɗinke ta ba da maka ba, don tawada gogewa take kuma zare ko a duhu yatsa yana jin sa.